Arthur Ashe: Zakaran Tanis, Rigimar Wariyar Launin Fata da Jinin da Ba a Tantance Ba

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, da aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed a Legas, ana tsakiyar wata gasar tanis ta ƙasa da ƙasa a filin Lagos Lawn Tennis Club. Babban baƙon gasar shi ne Arthur Ashe, Ba'amurke baƙar fata wanda ya ci kofin Wimbledon watanni 7 kafin nan. Aka dakatar da wasa, daga baya aka dawo. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na cikin karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe sai ga sojoji a cikin fili, suka ɗora masa bindiga a baya suka fitar da shi. A lokacin Amurkawa ba su da farin jini a Legas, domin wata ɗaya kacal ke nan da Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya yi fatali da matsayin Amurka kan Angola. An kwashe 'yan wasan daga ƙasar, aka ƙarasa gasar a Caracas, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Matasan Birnin Kebbi da Gusau da Argungu ba ta wannan labari suka san sunan ba. Suna ganinsa ne a talabijin idan gasar US Open ta zagayo a ƙarshen Agusta, domin filin tanis mafi girma a duniya, mai ɗaukar mutum sama da 23,000 a New York, sunansa aka sa masa tun 1997. Wasu kuma a Facebook suke cin karo da hotonsa duk 1 ga Disamba, ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya. Daga nan tambayoyi kan taso. Me ya sa mai manyan kofuna 3 ya samu wannan daraja alhali Novak Djokovic na da 24? Ɗan gwagwarmaya ne irin Muhammad Ali, ko kuwa wanda ya karya yajin da Afirka ta yi wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu? Ta yaya kuma ya kamu da cutar da ta yi ajalinsa?

Duk amsoshin suna komawa kan ƙa'idoji: wa ake bari ya shiga fili, wa ake biya, wa ke tantance jini, wa ke da ikon faɗin sirrin majinyaci. Biyun ƙarshe har gobe suna jiran kowane magidanci a ƙofar asibiti.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Manyan gasannin tanis 4 ne a shekara, su ake kira Grand Slam: ta Ostireliya a Janairu, ta Faransa a kan jar ƙasa daga ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan a kan ciyawa, sai US Open. Kofin Davis kuwa na ƙasashe ne, ƙasa da ƙasa ke karawa.

Kafin 1968 an raba 'yan wasa gida biyu. Akwai 'yan sha'awa, waɗanda a hukumance ba sa karɓar kuɗin gasa, su kaɗai ke da izinin shiga Grand Slam da Kofin Davis. Akwai kuma 'yan kwantiragi masu neman abinci da wasan, waɗanda aka rufe wa ƙofar manyan gasanni. Tsarin cike yake da munafunci, tunda manyan 'yan sha'awa na karɓar kuɗi a ɓoye da sunan guzuri. A 1968 aka rushe katangar, kowa ya iya shiga, shi ya sa ake kiran zamanin da ya biyo baya da buɗaɗɗen zamani.

Richmond: filin gwamnati da wani likita

An haifi Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond ta jihar Virginia, garin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin wasa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 sanadin hawan jini na masu juna biyu, yana ɗan shekara 6. Mahaifinsa shi ne mai kula da Brook Field, filin wasannin da hukumar gari ta ware wa baƙaƙe, kuma gidansu a cikin filin yake. Wato yaron ya buɗe ido ne da fagen tanis a ƙofar gida, ba ya biyan ko sisi.

Ronald Charity ne ya fara koya masa riƙon raket, sannan ya miƙa shi ga Dakta Robert Walter Johnson na Lynchburg, likitan da ya gina fage a gidansa yana horar da yaran baƙaƙe da kuɗin aljihunsa. A hannunsa Althea Gibson ta bi kafin ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Grand Slam a 1956, ta kuma ci Wimbledon a 1957 da 1958. Dokar Johnson mai tsauri ce. Ba gardama da alƙalin wasa, ba jefar da raket, kuma idan ƙwallon abokin karawa ta faɗi dab da layi, a ba shi ita ko da ta ɗan fita. Dalilinsa shi ne masu shirya gasa na neman hujja ko ƙanƙanuwa ce su kori yaran baƙaƙe. Sanyin halin da aka san Ashe da shi, wanda daga baya wasu suka ɗauka tsoro ne, daga wannan horo ya samo asali.

Ya ƙarasa sakandare a St. Louis, ya samu tallafin karatu a jami'ar UCLA, ya kammala a fannin kasuwanci a 1966. Tun 1963 aka sa shi cikin tawagar Amurka ta Kofin Davis, baƙar fata na farko da ya samu wannan gurbi.

Wanda ya ci gasa bai ɗauki kuɗin ba

A Satumbar 1968 Ashe ya ci US Open ta farko a buɗaɗɗen zamani, ya doke Tom Okker ɗan Holan da ci 14-12, 5-7, 6-3, 3-6, 6-3, wato ya ci sassa 3 cikin 5 na wasan. Kuɗin zakara dala 14,000 ne, amma Okker da aka kayar shi ya tafi da su. Ashe laftanan ne a sojan Amurka, kuma ɗan sha'awa a rajista, don haka abin da ya samu kuɗin guzuri ne, dala 20 a rana. Da ya karɓi kuɗin gasar, da ya rasa gurbinsa a Kofin Davis.

Irin wannan ruɗani ne ya sa 'yan wasa maza suka kafa ƙungiyarsu ta ATP a 1972, Ashe na cikin jagorori, ya kuma zama shugabanta a 1974. Ƙarfinta ya bayyana a 1973, da hukumar tanis ta dakatar da Nikola Pilić na Yugoslabiya kan zargin ƙin buga wa ƙasarsa Kofin Davis. 'Yan wasa 81 suka ƙaurace wa Wimbledon. Daga ranar hukumomi suka gane ba za a ƙara yanke hukunci kan ɗan wasa ba tare da jin ta bakin 'yan uwansa ba.

A nan ne kuma tarihinsa ke da tabo. Mata ma suna nasu yaƙin a lokacin. A Wimbledon ta 1968 Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King da ta ci na mata ta karɓi fam 750. A 1970 King da wasu mata 8 suka ɓalle suka kafa nasu jerin gasanni. Ashe bai goya musu baya ba a wancan lokaci. Ra'ayinsa shi ne maza ke jawo 'yan kallo, su ke ciyar da iyali. Masu kare shi na cewa haka kusan duk mazan zamanin suka ɗauki lamarin, kuma ya sassauto daga baya. Masu suka na cewa wanda aka taɓa hana shiga fili saboda launin fatarsa ya fi kowa cancantar gane kukan. US Open ta daidaita kuɗin maza da mata a 1973, Wimbledon kuwa sai 2007.

Wimbledon 1975

Bayan kofin Ostireliya na 1970, shekaru suka ja ba babban kofi, har aka fara cewa Ashe ya wuce lokacinsa. A wasan ƙarshe na Wimbledon ta 1975 yana dab da cika 32, abokin karawarsa Jimmy Connors na da 22, shi ke riƙe da kofin, kuma bai rasa ko sashe ɗaya na wasa ba a duk gasar. Ga ƙarar ɓata suna da Connors ya shigar da shi a kotu.

Connors ɗan wasa ne da ke rayuwa da ƙarfin bugun abokin hamayya: ka buga masa da ƙarfi, ya mayar maka da wanda ya fi. Ashe, wanda shi ma da bugu mai ƙarfi aka san shi, ya ajiye salonsa gaba ɗaya. Ya riƙa aika ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, zuwa hagun Connors, wato hannun da yake bugu da shi tunda bahago ne, inda tilas ya duƙa ya ɗago ta da kansa. Bugun farawa kuma ya riƙa murɗa shi ya fita can gefe, ɓangaren da Connors ke riƙe raket da hannu biyu, wanda ke rage masa tsawon miƙa. Idan Connors ya taso gaban raga, sai ya ɗaga ƙwallon sama ta wuce kansa. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Har yau shi ne namiji baƙar fata ɗaya tilo da ya ci Wimbledon ko US Open ko gasar Ostireliya a wasan ɗaiɗai.

Afirka ta Kudu: a shiga ko a ƙaurace?

Wannan ita ce takaddama mafi girma a rayuwarsa, kuma Najeriya na da hannu dumu-dumu a cikinta.

Gwamnatin John Vorster ta hana Ashe biza a 1969 da 1970. Ya kai ƙara gaban majalisar dokokin Amurka da hukumomin tanis, kuma a 1970 aka dakatar da Afirka ta Kudu daga Kofin Davis. A 1973, da matsin lamba ya yi wa gwamnatin yawa tana neman wanke kanta a idon duniya, sai ta ba shi biza. Ya gindaya sharuɗɗa: ba za a raba kujerun 'yan kallo ba a wasanninsa, ba zai karɓi matsayin baturen karramawa da ake liƙa wa manyan baƙi baƙaƙe ba, kuma zai je inda ya ga dama. Ya kai wasan ƙarshe a Ellis Park ta Johannesburg, Connors ya doke shi, amma ya ci na bibbiyu tare da Okker.

Hujjar masu goyon bayan zuwan ita ce, tsarin wariya ya ginu ne kan ƙaryar cewa baƙar fata ba zai iya ba. Duk yaron Soweto da ya ga Ashe na doke farare a gaban farare ya ga ƙaryar ta rushe da idonsa. Ashe ya kuma sa kuɗi aka gina cibiyar tanis a Soweto wadda ke ɗauke da sunansa.

Hujjar masu adawa, irin su ɗalibai baƙaƙe da suka fuskance shi ido da ido, ita ce gwamnati ce ta fi kowa cin riba. Ta samu hoton da za ta nuna wa duniya cewa abubuwa na gyaruwa, alhali baƙon na tafiya kujeru za su koma yadda suke, dokar fasfon yawo mai taƙaita zirga-zirgar baƙaƙe na nan, Mandela na tsibirin Robben. A ganinsu, abin da ke yi wa farar fatar ƙasar ciwo shi ne a bar su su kaɗai, musamman a rugbi da kurket.

Najeriya a ɓangare na biyu ta tsaya. Abraham Ordia, ɗan Najeriya da ya shugabanci Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, na cikin waɗanda suka jagoranci ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976, inda ƙasashen Afirka sama da 20 suka janye saboda an bar New Zealand ta shiga gasar alhali ƙungiyar rugbinta ta je wasa Afirka ta Kudu a shekarar da aka harbe 'yan makaranta a Soweto. Yarjejeniyar Gleneagles ta ƙasashen Kwamanwel, mai kiran a yanke hulɗar wasanni da Afirka ta Kudu, ta biyo baya a 1977, Najeriya ta sake ƙaurace wa wasannin Kwamanwel a 1978 da 1986. Indiya ma ta gwammace ta bar wa Afirka ta Kudu Kofin Davis na 1974 da ta buga wasan ƙarshe da ita. Tsadar wannan hanya a bayyane take, 'yan dambe da 'yan gudun Najeriya da suka yi shekaru suna shiri sun dawo gida daga Montreal ba su taka fili ba.

Ashe da kansa ya sauya matsayi. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka kafa ƙungiyar 'yan wasa da masu fasaha da ke kiran a ƙaurace wa ƙasar, kuma a Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi a zanga-zanga gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington. Idan aka auna da abin da ya biyo baya, ƙauracewa ce ta fi matsa wa gwamnatin. Zuwan 1973 ya amfani ɗaiɗaikun mutane, bai girgiza doka ko ɗaya ba.

Kwatanta shi da Muhammad Ali kuwa yana buƙatar adalci. Ali ya ƙi shiga soja a 1967 aka ƙwace kambunsa. Tommie Smith da John Carlos sun ɗaga dunƙulallen hannu a Olamfik ta Meziko makonni kaɗan bayan Ashe ya ci US Open sanye da matsayin hafsan soja. Ali a dambe yake, inda baƙaƙe suka daɗe da yawa. Ashe kusan shi kaɗai ne a wasan da kulob-kulob na attajiran farare ke juyawa, inda kora ba ta buƙatar dogon bayani. Hanyarsa ita ce kwamiti da takarda da lauya, tafiyarta a hankali take, amma ta haifar da ƙungiyoyin da suka rayu bayansa.

Fili da aji

A 1969 shi da Charlie Pasarell da Sheridan Snyder suka kafa National Junior Tennis League, mai koyar da yaran talakawa tanis a filayen gwamnati tare da bibiyar karatunsu. A 1971, yana rangadi a Yawunde, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah, ya haɗa shi da hukumar tanis ta Faransa. Noah ya ci gasar Faransa a 1983, shekarar da Nduka Odizor na Najeriya ya kai zagaye na 4 a Wimbledon.

Duk da haka Ashe bai yarda a jingina rayuwar yaro kan wasa ba. A 1977 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga iyaye baƙaƙe a jaridar New York Times, yana cewa duk awa 1 a filin wasa a haɗa ta da awa 2 a ɗakin karatu. Ya goyi bayan dokar da ta hana ɗalibi mai ƙarancin maki buga wa jami'a wasa, abin da ya haɗa shi faɗa da masu horarwa irin su John Thompson na jami'ar Georgetown, waɗanda ke ganin jarrabawar kanta na zaluntar 'ya'yan talakawa. Mutum-mutuminsa da aka kafa a Richmond a 1996 yana ɗage da littattafai sama da raket. Uban da ɗansa ya bar aji a Kaura Namoda ko Yauri yana jiran dillalin da zai kai shi Turai buga ƙwallo, wannan muhawara tasa ce.

Fara tanis a makarantar firamare bai kai tsadar da ake zato ba. Cikakken fage na da tsawon mita 23.77 da faɗin 10.97, amma tsarin yara na hukumar tanis ta duniya, ITF, yana farawa ne da fage mai tsawon mita 11 da faɗin 5 zuwa 6, da jar ƙwallo mai laushi wadda saurinta ya ragu da kashi 75 cikin 100. Daɓen siminti mai laushi ko jar ƙasa da aka daddaɓe, da igiya a madadin raga, sun isa. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne a ba yaro ɗan shekara 7 raket da ƙwallon manya, ƙwallon ta riƙa tashi sama da kansa, ya gaji ya bari. A zafin Maris da Afrilu kuwa sai da sassafe ko bayan la'asar.

Leda 2 na jini

Ciwon zuciya ya kama Ashe a Yulin 1979, aka yi masa tiyata a Disamba, ya yi ritaya a 1980. Ya jagoranci tawagar Amurka ta ci Kofin Davis a 1981 da 1982. A Yunin 1983 aka sake yi masa tiyatar zuciya, aka ƙara masa jini leda 2 don ya yi saurin farfaɗowa. A wannan shekarar ce masana a Faransa suka fara gano ƙwayar HIV, gwajin tantance jini kuwa bai fara aiki a Amurka ba sai Maris na 1985. A Satumbar 1988 hannunsa na dama ya daina motsi, tiyatar ƙwaƙwalwa ta nuna wata cuta da ba ta cika kama mai ƙarfin garkuwar jiki ba, gwaji ya tabbatar da ƙanjamau. Likitocinsa sun danganta ta da jinin 1983. Matarsa da 'yarsu ba su kamu ba.

A zamanin Ashe gwajin ne babu. Yau akwai shi, matsalar ita ce a yi shi daidai. Kuma masu buƙatar jini a Kebbi da Zamfara ba kaɗan ba ne: mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, yaro mai sikila, wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, wanda ya yi haɗari a hanyar Jega ko ta Funtuwa, da waɗanda 'yan bindiga suka harba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta a gwada kowace leda kan cututtuka 4: HIV, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Bayan haka a tabbatar da rukunin jini, a kuma gauraya ɗan samfurin mai bayarwa da na majinyaci a ga ko sun jitu. Inda gizo ke saƙa shi ne tazarar da ke tsakanin shigar ƙwayar jiki da lokacin da gwaji ke fara ganinta. Gwajin nan-take na ɗigon jini yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya gano sabon kamu. Gwajin ɗakin bincike mai neman ƙwayar da martanin jiki a tare yakan gano cikin kwana 18 zuwa 45, mai neman ƙwayar halittar cutar kai tsaye kuma kwana 10 zuwa 33. Ke nan mutum zai iya kamuwa makonni 2 da suka wuce, gwajin nan-take ya ce lafiya lau, alhali wanda aka ƙara wa gurɓataccen jini haɗarin kamuwarsa ya haura kashi 90 cikin 100.

Shi ya sa tambayoyin da ake yi wa mai bayarwa kafin a soka masa allura suke da nauyi daidai da gwajin, kuma shi ya sa mai sayar da jini ya fi kowa haɗari. Wanda ke jiran kuɗi yana da dalilin ɓoye gaskiya, yana kuma yawo daga wannan asibiti zuwa wancan kafin jininsa ya dawo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Sai dai muddin ma'ajiyar jini babu kowa a ciki, dangin majinyaci da tsakar dare za su nemi duk wanda ya samu. Maganin shi ne masu ba da jini kyauta a kai a kai. Ana ɗibar kimanin mililita 450 daga mai shekara 18 zuwa 65 da nauyinsa ya kai kilo 50, namiji duk wata 3, mace duk wata 4. Galibin malaman fiƙihu na wannan zamani sun halatta bayarwa don ceton rai.

Mai jinya na da abin dubawa. Leda ta zo da takarda mai nuna rukunin jini, ranar ɗiba, ranar ƙarewa da sakamakon gwaje-gwajen 4. Ana ajiye jini tsakanin digiri 2 da 6, yakan kai kwana 35 idan firji bai mutu ba. Idan an fito da shi a ɗaura cikin minti 30, a gama cikin awa 4, kuma ba a tsoma leda a ruwan zafi don ta ɗumama. Minti 15 na farko su ne na sa ido: rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya, ƙuncin numfashi ko fitsari mai duhu, a kira ma'aikaciyar jinya nan take. Kada kuma labarin Ashe ya sa wani ya hana a ƙara wa matarsa jini. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2, haɗarinsa ya ninka na ledar da aka tantance nesa ba kusa ba.

Sirrin majinyaci na wane ne?

Ashe ya ɓoye ciwonsa shekara 3 da rabi, iyali da aminai kaɗai suka sani. A Afrilun 1992 jaridar USA Today ta samu labari ta tuntuɓe shi. Ganin maganar za ta fita ko ya so ko bai so ba, ya kira taron manema labarai ranar 8 ga wata ya faɗa da bakinsa.

Ra'ayi ya rabu uku. 'Yan jarida masu kare abin sun ce shahararre ne, ciwonsa labari ne, kuma ɓoyewa ce ke ƙara wa cutar kwarjini. Ashe da masu goyon bayansa sun ce shekara 12 ke nan da barinsa wasa, ba ya neman kujerar mulki, 'yarsa na da shekara 5 kuma ita za a tsangwama a makaranta. Wasu masu fafutukar ƙanjamau kuma sun ce da ya yi magana tun 1988, kamar yadda ɗan ƙwallon kwando Magic Johnson ya yi a Nuwambar 1991 jim kaɗan bayan gwajinsa, da an ceci rayuka. Hujja ta uku na da ƙarfi, amma amfanin da jama'a za su samu bai mayar da sirrin mutum dukiyar jama'a ba.

Watanni 10 suka rage masa. A cikinsu ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar da wata cibiyar lafiyar talakawan birni a Brooklyn, aka sake kama shi a Satumba gaban fadar White House kan yadda ake korar 'yan gudun hijirar Haiti, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 1 ga Disamba. Ya shaida wa wata 'yar jarida cewa zama baƙar fata a Amurka ya fi masa ƙanjamau nauyi. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1993 sanadin ciwon huhu, yana da shekara 49. Haɗin magungunan da ya mayar da HIV cutar da ake rayuwa da ita ya zo a 1996.

Akwai tarko a yadda ake ba da labarinsa. Ana yawan jaddada cewa shi ta ƙarin jini ya samu, kamar ana wanke shi daga sahun sauran. Raba majinyata zuwa masu laifi da marasa laifi shi ke sa mutum ya guji gwaji har ciwo ya kwantar da shi, ya kuma shafa wa iyalinsa bai sani ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya na ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa kowa. Cikinsu akwai jariran da suka samu a ciki ko a nono, da matan da ba su san kowa ba sai mazansu, da waɗanda aska ko allurar da ba a tafasa ba ta shafa.

A arewa wannan muhawara ta fi fitowa a gwajin kafin aure. Kano ta mayar da shi doka a 2024, kuma a garuruwan Kebbi da Zamfara waliyyai da limamai da yawa kan nemi a nuna takarda kafin ɗaurin aure. A ɗaya gefen akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa mai HIV bambanci a wurin aiki da makaranta, ta kuma hana fallasa sakamakonsa ba da yardarsa ba. Haƙƙoƙi biyu ne, kuma ba sa cin karo idan an bi tsari. Wadda za a aura, ko wanda za a aura, na da haƙƙin sani tunda jikinsa abin zai shafa. Gwaggo da maƙwabta da 'yan ɗaurin aure ba su da shi.

Tsarin da ke kare kowa shi ne masu neman auren su je tare, a gwada su a asibitin da ke da mai ba da shawara, su ga sakamakon juna a gabansa. Idan gwajin farko ya nuna akwai, ba a yanke hukunci sai an tabbatar da wani nau'in gwajin daban. Idan akwai fargabar sabon kamu, a maimaita bayan wata 3. A gidan da ke da uwargida, a gwada maigida da ita ma, ba amarya kaɗai ba, haka bazawara da bazawari. Abubuwan da ke ɓata tsarin sanannu ne: takardar jabu da aka saya, gwaji ɗaya a shagon magani ba tabbatarwa, da miƙa sakamako ga wani ɗan uwa ya kai gida a buɗe. Wanda aka samu da ƙwayar kuwa, magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma idan ya dage da sha har adadinta ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar auratayya. Mai ciki da ke shan magani tana zuwa awo na iya haifar lafiyayyen jariri. Abin da ya kamata ya isa hannun waliyyi shi ne shaidar cewa an yi gwajin, su biyun sun ga sakamakon juna, kuma sun amince.